Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Kunne Mai Batir A Gida

A cikin watan Janairu na shekarar 2021 ne 'yan ta'adda suka dasa nakiya suka kayar da turakun babbar wayar lantarki wadda ta taso daga Damaturu zuwa Maiduguri. Ma'aikata suka yi ta fama har suka maido da wuta a cikin watan Maris, amma ba a cika mako guda ba sai aka sake kayar da waɗansu turakun. Haka babban birnin Jihar Borno ya zauna cikin duhu kusan duk tsawon wannan shekara. Daga baya an gyara, kuma a watan Maris na 2023 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe wata tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, ya gina wa birnin.

Mutanen Maisandari, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, sun ɗauki darasi daga wannan duhu kamar sauran maƙwabtansu. Darasin kuwa shi ne duk na'urar da ta dogara ga soket, ranar da wuta ta tafi ta zama kayan ado. Abin da ya tsaya wa jama'a a lokacin shi ne rediyo mai batir, da tocila, da faifan hasken rana, da rumfunan masu cajin salula. Daɗin daɗawa, shekarun rikici sun cika birnin da 'yan gudun hijira, gidaje suka cunkushe, har ya zama ɗalibin da ke son sauraren karatu da dare, ko dattijon da ke bin labarun duniya da asuba, dole ya sa abin sauraro a kunne don kada ya ta da masu barci.

A kan haka ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wata 'yar na'ura wadda ba ta fi tafin hannu ba, wadda batir ɗaya ke tuƙa ta, wadda kuma yaro mai natsuwa zai iya haɗa ta a zauren gidansu cikin yini guda. Sunanta amfilifayar kunne. Amfaninta biyu ne: tana gyara sauraro, sa'an nan tana buɗe wa wanda ya haɗa ta ƙofar sana'ar lantarki.

MECE CE AMFILIFAYAR KUNNE?

Kowa ya san amfilifayar masallaci da ta wurin biki, wadda ke ɗaukar muryar mutum ɗaya ta watsa ta ga unguwa ta bakin lasifika. To, wannan ƙanwarta ce. Ita ba lasifika take tuƙawa ba, 'yan sifikun da ke cikin abin sauraro na kunne take tuƙawa, wanda samarin yanzu ke kira hedfon ko iyafis.

Yadda take aiki kuwa, a kwatanta da famfo. Sautin da ke fitowa daga rediyo ko salula kamar hannun ƙaramin yaro ne, ba shi da ƙarfin ɗaukar tulu, amma yana iya murɗa kan famfo. Batir shi ne tankin ruwa. In yaron ya murɗa kaɗan ruwa ya zubo kaɗan, in ya murɗa da yawa ya zubo da yawa. Haka amfilifaya ke ɗebo ƙarfi daga batir tana sakinsa daidai da hawa da saukar sautin da aka ba ta. Saboda haka abin da ya shiga shi ne ke fita, sai dai ya fita da ƙarfi.

Lalle ne mai karatu ya san cewa ba kowa ne ke bukatarta ba. Ana auna taurin hedfon da wani ma'auni da ake kira om. Ƙananan iyafis da ake sayarwa a bakin titi yawanci om 16 ne zuwa 32, kuma kowace salula tana tuƙa su ba wahala. Amma manyan hedfon na ma'aikatan gidan rediyo da masu haɗa sauti sukan kai om 250, ko 300, har 600. In aka jona irin waɗannan ga ƙaramar rediyo ko tsohuwar rakoda, sai murya ta fito siririya kamar daga cikin rijiya, in kuwa aka ƙure maɓallin murya sai ta shaƙe ta riƙa karkarwa. A nan ne amfilifaya ke nuna aikinta.

ASALIN ABIN

Tushen duk wannan shi ne taransista, wadda aka ƙago a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka a watan Disamba na 1947. Kafin ta, rediyo da kwalabe masu zafi take aiki, masu cin wuta da yawa. A 1954 aka fitar da rediyon aljihu ta farko mai taransista a kasuwa, mai suna Regency TR-1. A 1979 kuma kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, 'yar rakodar da ta koya wa duniya yawo da sauti a kunne. Dattawanmu ba su manta zamanin kaset ba, lokacin da tafsiri da wa'azi da waƙa suka shiga aljihun kowa.

Da tafiya ta yi tafiya, masana suka iya cusa taransistoci masu yawa cikin 'yar baƙar ƙwaya guda mai ƙafafu, wadda masu gyaran rediyo ke kira aisi. A ƙarshen shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Chu Moy ya buga zanen wata amfilifayar aljihu a shafinsa na intanet mai suna HeadWize, ya yi amfani da aisin kamfanin Burr-Brown. Bai sayar da zanen ba, ya bar wa kowa. Mutane a ƙasashe daban-daban suka yi ta haɗa ta suna zuba ta cikin gwangwanin alewar Altoids, suka raɗa mata suna CMoy don tunawa da mai ita. Har gobe ita ce aikin farko da masu koyon wannan fanni da yawa ke fara gwada hannunsu a kai, kuma ita ce za mu bayyana a nan.

KAYAN HAƊI

1. Aisi guda ɗaya mai lamba OPA2134, da mazauninsa mai ramuka 8. A cikin wannan aisi akwai amfilifaya biyu, ɗaya ta kunnen hagu, ɗaya ta dama.

2. Rasista, watau 'yar ƙwayar da ke rage gudun wuta: biyu masu kilo-om 4.7, biyu masu kilo-om 100, biyu masu kilo-om 1, uku masu kilo-om 10.

3. Kafasita, wadda tsofaffin makanikan rediyo ke kira kondensa: manya biyu masu maikrofarad 220 waɗanda ke jure bolt 25, da ƙanana biyu masu maikrofarad 0.1.

4. Maɓallin murya mai tagwayen hanya, mai kilo-om 10.

5. Ramukan jona hedfon guda biyu masu faɗin milimita 3.5, ɗaya na shiga, ɗaya na fita.

6. Batir mai bolt 9 da marfin jona shi, da makunni, da ɗan ƙwan fitila mai nuna an kunna.

7. Ɗan allo mai hujoji, da siririyar waya, da dalma, da gwangwani mai murfi.

Ana samun yawancin waɗannan a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kuma manyan diloli suna Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas. Amma fa Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Matacciyar rakoda, ko tsohuwar na'urar faifan bidiyo da aka jefar bayan ɗaki, cike take da rasista da kafasita da ramukan hedfon masu rai. Sau da yawa a cikinsu akan tarar da aisi mai lamba 4558 ko 4556, waɗanda ƙafafunsu daidai suke da na OPA2134. Shi 4556 ya fi ƙarfin tuƙa hedfon, shi kuwa 4558 ya fi sakewa in an ba shi batir biyu a jere, watau bolt 18. Wanda zai yi aiki da ɗayansu sai ya sauya rasistocin kilo-om 100 da na kilo-om 10, ya kuma sauya ƙananan kafasitocin da masu maikrofarad 1, don kada tsayayyar wuta ta riƙa zubowa cikin hedfon.

Wanda duk bai sami ko ɗaya ba, akwai aisi mai lamba LM386, mai araha, wanda ake samu ko'ina. Yana aiki da bolt 4 zuwa 12, yana ninka sauti sau 20. Hanya ɗaya gare shi, yana kuma da ɗan shuu a cikin murya, haɗinsa ma daban ne da wanda za mu bayyana, amma ya isa sauraren labarai.

YADDA AKE HAƊAWA

Aiki na farko shi ne raba batir gida biyu. Sauti a cikin waya hawa yake yi da sauka, saboda haka aisi yana bukatar wuta ta sama, da wuta ta ƙasa, da kuma tsakiya inda za a riƙa aunawa. Dabarar Chu Moy ita ce a jera rasistoci biyu masu kilo-om 4.7, ɗaya bayan ɗaya, daga jar wayar batir zuwa baƙar. Inda su biyun suka haɗu shi ne tsakiya. Daga nan zuwa jar waya bolt 4.5 ne, zuwa baƙar waya ma bolt 4.5. Sai a ɗora wa kowace rasista babbar kafasita guda a gefenta. A lura ƙwarai, manyan kafasitoci suna da gaba da baya. Ta farko, doguwar ƙafarta ga jar waya, gajeriyar ga tsakiya. Ta biyu, doguwar ƙafarta ga tsakiya, gajeriyar ga baƙar waya. In aka juya su sukan kumbura, har su fashe. Makunni a kan jar waya ake sa shi, ɗan ƙwan fitilar kuma a jera shi da rasista ɗaya mai kilo-om 10 tsakanin jar waya da baƙar.

Aiki na biyu shi ne sanin ƙafafun aisi. A ajiye shi ɗan gurbin da ke kansa yana sama. Ƙafa ta 1 ita ce ta sama a hagu, a ƙirga zuwa ƙasa har ta 4, a tsallaka dama daga ƙasa ta 5, a hau har ta 8. Ƙafa ta 8 za ta tafi ga jar waya, ta 4 ga baƙar waya.

Aiki na uku shi ne hanyar sauti. Sautin hagu zai fito daga ramin shiga, ya bi ta maɓallin murya, ya ratsa ƙaramar kafasita, ya shiga ƙafa ta 3. Daga ƙafa ta 3 a sa rasista mai kilo-om 100 zuwa tsakiya. Daga ƙafa ta 2 a sa mai kilo-om 1 zuwa tsakiya. Tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2 a sa mai kilo-om 10. Sa'an nan a ja waya daga ƙafa ta 1 zuwa ramin fita. Kunnen dama ma haka, sai dai ƙafa ta 5 ce a madadin ta 3, ta 6 a madadin ta 2, ta 7 a madadin ta 1. Wayoyin ƙasa na ramukan biyu da na maɓallin murya duk a tsakiya za su haɗu.

Akwai ɗan lissafi mai daɗi a nan. Yawan ninkin sauti shi ne a raba babbar rasistar da ƙaramar, a ƙara ɗaya. Goma a raba da ɗaya goma ne, a ƙara ɗaya, sha ɗaya. Watau na'urar tana ninka sauti sau 11. Mai ƙananan iyafis wannan ya yi masa yawa, sai ya cire mai kilo-om 10 ya sa mai 4.7, ninkin ya sauko ƙasa da sau 6, murya ta ƙara tsabta. Yaron da ya gane wannan lissafi ya riga ya kama bakin zaren ilmin amfilifaya, babba da ƙarama.

Game da liƙi da dalma, in babu wuta ba a fasa aiki ba, don masu gyaran rediyo sun daɗe suna gasa ƙarfen liƙi a kan garwashi ko risho. Dalmar da aka saba da ita tana narkewa a wajen digiri 190. A liƙa mazaunin aisi tukuna, sai an gama kome a dasa aisin a kai, don zafi yana kashe shi. A yi aikin a inda iska ke kaɗawa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a kuma kau da dalma daga inda yara ke wasa, gama guba ce.

GWAJI KAFIN A SA A KUNNE

Sannu ba ta hana zuwa. Kafin a dasa aisi, a jona batir a auna da mita: daga tsakiya zuwa rami na 8 a ga kimanin bolt 4.5, daga tsakiya zuwa rami na 4 ma haka amma da alamar ragi. In ya yi daidai, a kashe, a dasa aisi, a sake kunnawa. A taɓa bayansa da yatsa, in ya yi zafi a kashe nan take, akwai kuskure a haɗin. Sai a auna bakin ramin fita alhali ba a sa sauti ba. Ya kamata mita ta nuna kusan sifiri. In ta wuce milibolt 20, kada a jona hedfon mai tsada sai an gano dalili. Gwajin farko da tsohuwar iyafis ake yi, maɓallin murya yana can ƙasa, iyafis ɗin kuma a hannu, ba a cikin kunne ba.

Gwangwanin ƙarfe ya fi akwatin roba, domin yana tare gurnanin salula da kutsen tashoshin rediyo. Amma a shimfiɗa kwali a gindinsa, kuma kada baƙar wayar batir ta taɓa jikinsa, don jikin gwangwanin da tsakiya yake haɗe. Saboda wannan dalili ne ma ba a ɗaukar mata wuta daga batir ɗin da ke tuƙa rediyon da aka jona ta da shi. Mai batirin sola mai bolt 12 a gida zai iya tuƙa ta da shi, muddin rediyon ko salular ba a kan wannan batir suke ba.

Game da cin batir, na'urar tana jan kimanin miliyamfa 10. Batir mai bolt 9 mai kyau yana ɗauke da wajen 550, saboda haka a lissafi zai kai kusan awa 55, a aikace kuma ƙasa da haka. Yanayin Borno yana da nasa sharaɗi. Zafin watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40, yana tsotse batir in an bar shi a rana ko cikin mota. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin murya ta sa shi ƙaiƙayi. Bushewar iskar hunturu kuma tana tara wa jikin mutum irin wutar nan da kan yi tartsatsi in an cire riga, kuma tana iya lalata aisi. Saboda haka a taɓa ƙofar ƙarfe ko famfo kafin a ɗauke shi.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Nan ne maganar ta fi nauyi. Na'urar da ke iya tuƙa hedfon mai om 300 tana iya kurmantar da mai ƙaramar iyafis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ne desibel. Hukumar ta ce babban mutum zai iya sauraren desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa desibel 75. Amma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. In sauti ya kai desibel 90, awa 4 ne kacal a mako.

A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma ba a sayar da su a Alaba. Alamar an wuce gona da iri ita ce mutum ya cire hedfon ya ji kunnensa yana kuka, ko ya ji maganar mutane kamar daga bayan bango. In wanda ke zaune kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, to ka rage.

Har ila yau, kada wani ya ɗauki wannan na'ura a matsayin maganin raunin ji. A Maiduguri akwai mutanen da ƙarar fashewar bam ta taɓa musu kunne, akwai tsofaffin da shekaru suka rage musu ji. Ƙure musu murya ƙara lalata abin da ya saura ne. Wurinsu shi ne wajen likitan kunne, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, inda za a auna ji a ba su na'urar da ta dace da su. Rigakafi dai ya fi magani.

ABIN DA KE CIKINTA GA MATASA

Wani zai ce, mene ne na shan wahala alhali kasuwa cike take da na'urorin Sin masu araha? Amsa ita ce wanda ya saya, ranar da ta mutu sai ya jefar ya sake saye. Wanda ya haɗa da hannunsa kuwa ya san inda zai dosa da mita. Cikin wannan ɗan gwangwani ya koyi karanta zane, da liƙi, da awon wuta, da bin sawun kuskure. Waɗannan su ne dai abubuwan da ake bukata wajen gyaran amfilifayar masallaci, da inbata, da na'urar cajin batirin sola, waɗanda suka yawaita a gidaje da shagunan Maiduguri tun bayan duhun 2021, kuma kowannensu wata rana zai nemi mai gyara.

Birnin ba ya rasa masana. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, akwai Jami'ar Maiduguri wadda aka kafa a 1975, akwai kuma ɗimbin masu gyaran rediyo da salula waɗanda suka koyi aikin a gaban iyayen gidansu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da yara. Malamin kimiyya a makarantar sakandare zai iya gayyato mai gyara ɗaya daga unguwa ranar Asabar, ɗalibai su tattaro matattun rediyoyin gidajensu kafin 'yan jari bola su auna su a sikeli, a zauna a ciro kayan, a haɗa na'ura ɗaya ko biyu. Kuɗin da za a kashe bai taka kara ya karya ba. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, don aiki ne na natsuwa da kaifin ido, ba na ƙarfin damtse ba.

Muna fata iyaye da malamai da masu unguwanni a Maisandari da sauran garuruwan ƙasar nan za su dubi wannan magana. Yaron da aka ga yana kwance tsohuwar rediyo, maimakon a kore shi da tsawa, a nemo masa mita da ƙarfen liƙi, a kai shi gaban wanda ya iya. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.